Jan Ƙyallen Sitiyari

"Mama, jan ƙyallen hannun mutumin can, ba irin wanda Baba ya ba ni ba ne?"

Muna tasha, daf da mahaƙar zinariya inda mijina, baban 'yar tawa, ke tuƙa motar kwaso dutse daga ƙarƙashin ƙasa. Mai ƙyallen makanike ne, ya tare shugaban direbobi.

"Maigida, motoci biyu na ɗaura wa wannan a sitiyari don kada a tashe su, birkinsu ya cinye. Ga ɗaya na tsinta a bola. Wa ya kwance?"

"Ni na sa direbobin. Injin niƙa na jiran dutse, mun kasa cika awon da aka yanka mana. Kai za ka amsa tambaya a ofis?"

"Birkin fa?"

"Haba malam! Da kaya hawa ake yi, ba gangara ba."

"In ta mutu a tsakiyar hawa, cike da dutse? Hanyar ramin nan mota ɗaya take ci. Wa ke biye da ita?"

"Daina mugun fata. Su ƙarasa makon nan, sai ka gyara."

"Ɗanka ma direba ne. Wacce ka ba shi?"

Ya kau da kai. "Shi yana kan sabuwar."

Na dubi 'yartsanar 'yata, an yi mata ɗankwali da jan ƙyalle. Na kira babanta, amma waya ba ta shiga rami.

'Yar'uwa, in mijinki ya dawo da jan ƙyalle a aljihu, kada ki bar shi ya koma aiki sai ya faɗa miki daga ina aka kwance shi.