Ranar da Na Ƙi Rufe Ƙofar Asibiti

'Yan'uwana cikin Kristi, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya tsayar da ni a kan ƙafafuna a gabanku yau. Ku yabi Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu. Ni mutuniyar ƙasar Zuru ce, aiki ne ya kawo ni nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye, can gaba da Maiyama. Ni ce mai allura, ni ce mai awon ciki, ni ce ungozoma. Mutanen garin Musulmi ne, manoman gero da albasa, kuma tun zuwana suka riƙe ni da mutunci. Likita suke ce mini, ko da yake ni ba likita ba ce.

Ba shaidar mutumin kirki zan ba ku ba. Shaidar mai zunubi ce, don haka ku yi haƙuri da abin da za ku ji.

Ina da ƙane guda, Ishaya. Ni na goye shi. Daminar bara waccan 'yan bindiga suka same shi a gona yana noma, suka harbe shi. Bai yi musu komai ba. Ya bar mata da yara uku. Kafin in isa gida an riga an binne shi cikin gaggawa, don mutane suna tsoron kada maharan su dawo. Ko fuskarsa ban gani ba. Waɗanda suka ɓoye a cikin dawa suka ce sun ji makasan suna Fulatanci.

Da wannan magana na dawo bakin aiki, kuma ta zame mini dutse a ƙirji.

A bayan ƙauyen da nake aiki akwai rugar Fulani. Tun kafin a haife ni suke zaune a wurin. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, Dije, da takan kawo mini nono da man shanu kowace Alhamis, mu zauna mu yi ta hira. Alhamis ɗin farko bayan dawowata ta zo yi mini gaisuwa. Tana sauke ƙwarya na ce, "Ɗauki kayanki. Kada ki ƙara taka mini ƙofa." Ta dube ni, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta tafi.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. In Bafulatana ta zo asibiti da safe, sai in bar ta a kan benci har kowa ya watse. In zan yi wa ɗanta allura, da mugunta nake soka ta. Kuma, Allah ya gafarta mini, sau da yawa na ce musu magani ya ƙare, alhali yana nan cikin kabad a bayana. Uwa ta juya da yaro jikinsa kamar wuta, ni kuwa in ji wani sanyi a raina.

Ran Lahadi kuma ga ni a gaba da ankon Zumuntar Mata, ina ba da waƙa! Wasu a cikinku sun yi ta amshi a bayana, ba ku san abin da ke ciki ba. Abu ɗaya ne ya gagare ni. In ana addu'ar da Ubangiji ya koya mana, aka zo wurin gafara, sai in rufe bakina gam, har a wuce sannan in ci gaba.

Jikina ne ya fara tona mini asiri. Ciwon kai ba dare ba rana, jiri, hannun hagu ya yi nauyi. Ni da nake auna wa mutane jini, na ƙi auna nawa. Wata rana da tsakar rana ina ɗaure wa wani manomi ciwo, sai na ga ɗakin yana juyawa. Ban farka ba sai a gadon asibiti a Jega. Likita ya ce jinina ya hau har ya kusa shanye mini ɓarin jiki.

Kwana na uku Mama Saratu ta zo daga Aliero. Kun san ta, tsohuwar malamar makaranta ce, kuma ita ma an taɓa ƙone mata gida a wani rikici shekaru da yawa da suka wuce. Ta ajiye kunu, ta ja kujera, ta yi ta kallona.

Ta ce, "'Yata, na daɗe ina kallon bakinki in ana addu'a. Me ya sa kike tsallake wuri ɗaya?"

Na ce, "Mama, ba ke aka kashe wa ƙane ba."

Ta ce, "Gaskiya ne. To waɗanda kike hora a asibitin nan naki, su suka kashe shi?"

Ban san yadda labari ya kai mata ba.

Ta ce, "Mutanen nan da bindiga suka ɗauki Ishaya. Ke kuma ko bindiga ba su nuna miki ba, kin miƙa musu kanki kyauta, kina yi musu aiki da allura. Wane sarki kike yi wa bauta yanzu, Rifkatu?"

'Yan'uwa, na so in kore ta. Amma ta riƙe hannuna mai ciwon nan ta ce mu yi addu'a. Abin da ya fito daga bakina ba addu'a ba ce, faɗa ne. Na ce, Ubangiji, ina kake lokacin da yaron nan yake kwance a kunyar gona jini yana zuba? Na faɗa masa duka, da ƙarfi, har masu jinya a sauran gadaje suka juyo. Bai kashe ni ba. Ya bar ni na amayar da shi tas. Da na gaji, sai na ji a zuciyata sarai cewa shi ma an kashe masa Ɗa, kuma tun Ɗan yana kan gicciye ya roƙa wa makasansa gafara. Nan na karye. Na ce, Yesu, ba ni da ita, in kana da ita ka ba ni. Mama Saratu ta fara addu'ar nan daga farko, na bi ta, muka zo wurin da nake tsallakewa, na faɗe shi da bakina. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a kan kabarin Ishaya.

Halleluya! Dutsen nan ya sauka a ranar. Hannuna ya ɗauki makonni kafin ya saki, kuma har yau ina shan maganin hawan jini, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma macen da aka sallamo daga Jega ba ita aka kwantar ba.

Da na koma, na taka da ƙafata har ruga. Na durƙusa gaban Dije, na faɗa mata har zancen maganin da nake ɓoyewa. Ta ce, "Mun sani, Likita. Mun ce ba ke ba ce, ciwo na ka magana." Sannan ta gaya mini cewa wata biyu kafin a kashe Ishaya, 'yan bindiga sun tare ɗanta a wurin kiwo, sun kora shanun, shi kuma har yau ba a gan shi ba. Ta zo mini gaisuwa ne da nata makokin a ciki, ni kuwa na kore ta.

Na ɗauka jarrabawa ta ƙare. Ashe yanzu za a fara.

Bayan an cire albasa, aka sace wani manomi a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa. Gari ya ɗauki zafi. Aka ce ai mutanen ruga ne ke kai wa 'yan bindiga rahoto. Samari suka kafa doka: ba a sayar wa Bafulatani, ba a saya a hannunsa, ba a yi masa niƙa, ba a ɗaukarsa a babur. Shugabansu wani Sani, ɗan wan mutumin da aka sace, ya zo ya same ni.

Ya ce, "Likita, mun taho mu hwaɗa miki, daga yau ba a ba Hillani magani a wanga gari. Mun san ke ba ki buƙatar dogon bayani, tunda ke ma su sunka kashe miki ƙane."

Na ce, "Sani, wanda ya kashe ƙanena ban san shi ba. Mara lafiya kuwa in ya zo, zan duba shi."

Har a cikinmu nan akwai wanda ya ja ni gefe bayan sujada, da kyakkyawar niyya. Ya ce, "'Yar'uwa, ke baƙuwa ce, kuma Kirista. Wannan rigimarsu ce. Ki sunkuyar da kai har iska ta wuce." Na ce masa na riga na yi shekara ina sunkuyar da kai ga Shaiɗan, wuyana ya gaji.

Ba a yi kwana goma ba, wata safiya sai ga amalanke a ƙofar asibiti. Dije ce da surukarta Shatu, matar ƙaramin ɗanta. Kwana biyu Shatu tana naƙuda a gida saboda tsoron shigowa gari, ga jini. Muka kama ta muka shigar. Ban gama sa mata ruwa ba na ji hayaniya. Na leƙo, samari sun fi ashirin, da sanduna.

Sani ya ce, "Hiddo su, ki ruhe ƙohwa!"

Tsoro ya kama ni, wannan gaskiya ne. Amma na tsaya a bakin ƙofa, na kama dogaran ƙofar nan biyu da hannuwana. Na ce, "Ba zan fito da su ba, kuma ba zan rufe ba! Sani, a kan gadon nan na karɓi haihuwar 'yarka, ban tambayi ƙabilar matarka ba. Na taɓa hana mutanen nan magani, ya kusa kai ni kabari. Sarkin da nake bi ya hana ni, kuma shi nake tsoro, ba sandarka ba. In za ku shiga, sai dai ku fara da ni."

Wani daga baya ya jefo dutse, ya fasa gilashin taga. Shatu tana ihu a ciki. Ban san abin da zan yi ba, in na shiga za su biyo ni, in na tsaya za ta mutu. Na ce a raina, Yesu, ni ɗaya ce, ƙofa da gado ba za su yiwu mini ba.

Ku ji abin da Allah ya yi! Sai ga Malam Umaru, mahaifin Sani, wan mutumin da aka sace, ya ratso taron da buzunsa a hammata. Dattijo ne mai rumbunan albasa, ba ya yawan magana. Ya shimfiɗa buzun a bakin ƙofa, daidai ƙafafuna, ya zauna, ya ciro carbi.

Ya ce, "Likita, shiga ki yi aikinki." Ya juya ga samarin. "Ƙanena na anka ɗauka, ba na kowa ba. Macce mai naƙuda ba ta ɗauke shi ba. Wanda duk ka son shiga, shi taka ni."

Ba wanda ya motsa. Na shiga. Kafin azahar Shatu ta haifi 'ya mace, jinin ya tsaya, uwa da jaririya suna nan da rai har yau. Da na fito wanke hannu, ba kowa a waje sai tsohon nan shi kaɗai a kan buzunsa.

Kada ku ɗauka daga nan aka yi ta tafa mini. Wata biyu ba ɗan kabu-kabun da ya yarda ya ɗauke ni daga ƙauyen, da ƙafa nake fitowa bakin titi. An rubuta takarda a kaina wai a ɗauke ni daga wurin. Matar Ishaya da ta ji labari ta daina ɗaukar wayata, kuma wannan ya fi duka yi mini ciwo. Ku sa ta cikin addu'a, ba na ganin laifinta. Mutumin da aka sace ya dawo da rai, mun gode Allah, amma mutanen ruga ba su iya zama ba. Sun kwashe sun yi gaba, ban san inda Dije take ba yanzu.

Ko akwai mai kai rahoto a cikinsu, ko babu, ni ban sani ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma ina roƙon Allah a kama duk mai hannu, har da waɗanda suka kashe ƙanena, su fuskanci shari'a. Gafara ba ta ce jinin Ishaya ruwa ne ba. Abin da na ƙi shi ne in zama irinsu.

'Yan'uwa, ƙasar nan tana girgiza, kowa ya sani. Ana ta kiranmu mu zaɓi waɗanda za mu ƙi. Wani ya ce ka ƙi wancan don yarensa, wani ya ce don sallarsa, kuma kowa yana da gawar da zai nuna maka. Ni ma ina da tawa. Amma mu 'yan wani Mulki ne, kuma dokarsa ba ta tafiya hutu don an shiga tashin hankali. Malamin makaranta, kada ka ware yaro a aji. Ma'aikacin ofis, kada ka danne takardar mutum don sunansa. In tsoro ya kama ka, ka tsaya da tsoron naka, Allah ya san inda zai samo maka mataimaki, ko da daga inda ba ka zata ba ne.

Na gode wa Yesu da ya fisshe ni daga ƙiyayya tun ba ta kashe ni ba, tun ban kashe ɗan wani ba. Ku dogara gare shi, ba ya ba da kunya. Gobe Litinin, da ƙarfe takwas, in Ubangiji ya kai mu, zan buɗe asibitin nan. Wanda ya fara zuwa, shi zan fara gani.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!