Silifas Ɗin Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikata da mataimakiyarsa, 'yan kwamitin sayayya da suka sha zirga-zirga a kasuwa dominmu, dattawanmu da suka ajiye aiki amma ba su ajiye mu ba, iyayenmu mata, abokan aiki na ofis da na sito da na gareji, da duk wanda ya bar uzurinsa ya zo wannan zaure: ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar girmamawa da ƙanƙan da kai.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama. Ina kuma godiya gare ku duka bisa abin da kuka yi min wata biyar da suka wuce, lokacin da mahaifiyata ta rasu. Kun cika min gida, kun zauna da ni, wasunku har sun karɓar min aiki na mako guda. Ban sami bakin gode muku a lokacin ba. Allah ya saka da alheri.

Kamar kowace shekara, yau ce ranar da kowa zai karɓi takarda ya rubuta kayan da yake so ƙungiya ta sayo masa a farashin sari. Sakatare ya ce a sami wani ya yi nasiha kafin a raba takardun, ni kuma na ɗaga hannu. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne direban motar ma'aikata, shekara goma sha tara ke nan. Ni ne kuke kira Duba-Taya, domin ba na tayar da mota sai na zagaya ta, na durƙusa, na shafa kowace taya da hannuna, ko da kuna ta ƙorafin za ku makara. Ku yi dariyarku, na saba. Amma ku riƙe wannan suna a ranku, don ku ji abin da mai shi ya aikata a gidansa.

Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko Inna ta dawo wurina. Ta haura saba'in, gwiwoyinta suna damunta, amma ba ta san zaman banza ba. Ita ce mai ninke kayan jikoki, ita ce mai ba shukokinta ruwa a gwangwanaye a bakin ƙofa, ita ce mai raba faɗa. Ni ne autanta, kuma har na yi furfura ba ta kira na da komai sai Auta.

Don in girmama zuwanta, na sa aka gyara banɗaki. Mai sa tayil ya shimfiɗa min iri biyu a ƙasa, ya ce, "Maigida, ɗauki mai kaushin nan. Ba shi da kyan gani, amma yana riƙe ƙafa." Na dubi ɗayan, fari fat, yana sheƙi har kana ganin fuskarka, na ce shi nake so. Ya ce, "To, kuɗinka ne." Mai sheƙin ma ya fi tsada.

Bara war haka ina zaune a layi na uku, can inda ɗan'uwana mai gadi yake zaune yanzu. Na karɓi takardata, ban tambayi kowa a gida ba, na rubuta talabijin mai faɗin ƙofa da labulayen falo. A zuciyata ina cewa Inna za ta sha kallo, baƙi kuma za su san ɗanta ya riƙe ta da kyau.

A makon da na cika takardar ne ta kira ni ina shirin fita, ta ce, "Auta, in ka shiga gari ka dubo min silifas, nawa sun cinye. In kuma da hali, ka haɗo min da 'yar kujerar roba ta banɗaki. Gwiwoyin nan sun fara ƙin tsayuwa."

Na ce, "An gama, Inna."

Mako uku ban tuna ba. Ita kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba, domin irin iyayenmu sau ɗaya suke roƙo. Ran nan na maƙale a cunkoson motoci, sai ga mai talla da silifas a rataye a kafaɗa. Ta taga na miƙa hannu, na nuna wasu masu fure ruwan zinariya a sama. Na yi ciniki har mutumin ya fara rantsuwa, na karɓa a kuɗin da bai kai na lemo kwalba biyu ba, na jefa su ƙarƙashin kujera ina jin na yi dabara.

Da na kai gida maiɗakina ta karɓa, ta juya su, ta shafa ƙasansu, ta ce, "Baban yara, waɗannan ai sumul suke kamar faranti. Ga tayil ɗin nan kuma ka san halinsa in ya ji ruwa."

Na ce, "Ke dai kin cika ƙorafi. Silifas ai silifas ne."

Inna ta karɓe su daga hannunta, ta zura, ta yi murmushi, ta ce, "Ƙyale shi, 'yar nan, ai sun yi kyau. Allah ya yi maka albarka, Auta." Kujerar kuwa na ce sai ƙarshen wata.

Jama'a, ni da ba na yarda taya mai sanƙo ta ɗauki ma'aikata, ni da na taɓa yin faɗa da manaja a kan taya guda, ban juya takalmin uwata na dubi ƙasansa ba.

Ranar wata Talata da hantsi, na sauke ku ke nan na shiga gareji, wayata ta yi ƙara. Maiɗakina ce, tana kuka, ba na ma gane abin da take faɗa sai "Inna, Inna." Ashe Inna ce ta shiga wanka da silifas ɗin nan a ƙafarta, ta juya za ta ɗauki tawul, ƙafa ta kwashe. Babu abin zama, babu abin dafawa. Maƙwabta ne suka ɗauko ta a cikin bargo. Da na isa asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashi a haske, ya nuna min da biro inda ƙugunta ya karye.

An yi mata aiki, muka dawo gida, amma Inna ba ta ƙara takawa ba. Wata uku da kwana tara tana kwance. Macen da ba ta son a miƙo mata ko kofin ruwa, sai ga shi ana juya ta, ana goge mata jiki, tana kawar da kai don kunya. Shukokinta suka bushe a gwangwanaye. Na ciro talabijin ɗin nan daga falo na kafa mata a ɗaki, na kunna. Ba ta yi minti biyar tana kallo ba ta ce, "Kashe shi, Auta. Zo ka zauna mu yi hira."

A wannan zaman ne na kasa daurewa, na riƙe hannunta, na ce, "Inna, ni na ja miki wannan. Ki yafe min."

Ta zare min ido kamar ina ɗan shekara bakwai, ta ce, "Kul! Kada in sake ji. Abin da Allah ya rubuta min ne ya same ni." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma dai ka sayi kujerar nan. Matarka ma wata rana za ta tsufa."

Daga kwanciyar ciwon ƙirji ya shigo. Ranar wata Lahadi da yamma ta cika, kanta a kan cinyar yayata.

Na yi imani kwananta ne ya ƙare, kuma malamai sun yi ta lallashina da haka. Amma imani da ƙaddara bai hana mutum ya san inda ya yi sakaci ba. Saboda haka ga abin da na zo roƙonku.

Na farko, ku tambayi wanda zai yi amfani da abin. Mu maza musamman, muna sayen abin da baƙo zai gani, muna manta abin da na gida zai taɓa. Mai girki ita ta san wace tukunya ce take ƙona hannu. Ɗan makaranta shi ya san jakar da take yanka masa kafaɗa. Tsohuwa ita ta san inda ƙafarta take rawa. Ku tambaye su, ku sake tambaya, domin masu kunya ba sa faɗa a karon farko.

Na biyu, ku juya kaya ku dubi ƙasansa. Masu ƙera kaya a sama suke zuba ado, a ƙasa suke ɓoye ha'inci. Takalmi a dubi tafinsa, bokiti a ja mariƙinsa, riga a juya a ga ɗinki, kujera a zauna a kanta a girgiza, wayar wuta a duba kaurinta. Kada ku sayi abin iyali ta tagar mota. Ku sauka, ku tsaya, ku taɓa. Minti biyar ne.

Na uku, kada farashi ya zaɓar muku. Ni na sayi tayil mai tsada na cutu, na sayi silifas mai arha na cutu, a banɗaki ɗaya, a rana ɗaya. Ku sa kuɗinku a kan abin da ake taɓawa kullum, ko da ƙarami ne, ko da ba wanda zai yaba. In mai sana'a ya ba ku shawara a kan sana'arsa, ko matarku ta yi magana, ku saurara.

Watan jiya na je gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce babbarmu yanzu. Na tafi hannu rabbana da gangan. Na zauna a gabanta na ce, "Gwaggo, me kike buƙata?" Ta ce ba komai, Allah ya rufa asiri. Na sake tambaya, ta sake cewa ba komai. A karo na uku ta nuna min makunnin fitilar ɗakinta, ta ce an kafa shi can sama, hannunta ba ya ɗaguwa ya kai, in rana ta faɗi sai ta zauna a duhu har wani ya leƙo. Shekara huɗu tana haka. Akwatinta cike da turamen zani da muke kai mata, ko ɗinka su ba ta yi ba. Na kira mai gyaran wuta, cikin rabin sa'a ya sauko da makunnin. Ta kunna, ta kashe, ta sake kunnawa, sai hawaye. Ta ce, "Kullum ana kawo min kaya, amma kai ne na farko da ya tambaye ni."

Don haka na roƙi sakatare, kuma ya amince: ba za a karɓi takardar kowa yau ba sai ranar Litinin. Ku tafi da ita gida babu rubutu. Ku zauna da iyalinku, ku fara da wanda ya fi kowa shiru, ku cika ta tare.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan duk iyayenmu da suka riga mu. Waɗanda nasu suke raye, Allah ya ba ku ikon jin maganarsu tun suna iya faɗa. Allah ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya sa abin da za mu saya ya zama kariya ga iyalanmu, ya ɗaukaka wannan ƙungiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.