Abin da na sa cikin 'yar roba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, dattawa, uwaye mata, 'yan'uwa duka. In muryata ta tsaya ku yi mini haƙuri, shekara biyu ke nan ina haɗiye wagga magana.

Ni ce Saratu, uwar tagwaye. Har yau haka kuke kirana, ko da yake guda ta rage.

Kusa da Lugu anka haife ni, kakata 'yar bori ita ta goye ni. Tun ina ƙarama take ja mini kunne: gashin ɗa, da akaifarsa, da kashinsa, kada su shiga hannun baƙo, da su ake sammu. Na yi baftisma, na yi aure nan Dogon Dutsi, kun san bakina wajen waƙar zumuntar mata. Amma in na yi wa ɗiyana kitso, sai na tsince gashin na binne. Yesu a baki, kaka a ciki!

Daminar bara waccan Hassana da Husaina sunka kamu da zawon jini, suna da shekara huɗu. Lokotoro, wato likita, ya ba su maganin da ake kira kotri, kwana uku babu sauƙi, sai ya tura ni labo, ɗakin gwaji. Can na iske wani saurayi, Malam Sani, mai gemu da ɗangalallen wando. Ya miƙo mini 'yar roba mai murfi.

Ya ce, "Yaya, na Husaina ya fi tsanani, kashinta za ki sa nan. Za mu shuka shi mu ga ko wane ƙwaro ne."

A shuka! Baƙo, ba ma ɗan addininmu ba, zai shuka kashin ɗiyata ya rufe cikin akwati? Sai na ji kaka kamar tana tsaye bayana.

Ga abin da na aikata. Maƙwabciyata Maman Rahila, ga ta can zaune, ɗiyarta lafiya lau. Na fakaici idonta na ɗebo daga fo ɗin Rahila, na rufe, na kai labo da sunan Husaina. Na ce in sammu ne, ya faɗa kan ɗiyar wani. Haka na ce a raina, ni mai waƙa gaban jama'a. Wayyo ni!

Bayan kwana uku resilta, takardar sakamakon gwajin, ta fito, wai babu mugun ƙwaro. Lokotoro ya yi ta juya takarda, ya ce to wata cuta ce daban, ya rubuta maganin waccan. Ina tsaye. Na san takardar Rahila ce yake karantawa. Ban buɗe baki ba, kunya ta hana ni.

Ran Laraba da hantsi Husaina ta cika bisa cinyata.

Munka dawo daga bizne ta, Hassana ko kai ba ta iya ɗagawa. Na goya ta, na shigo nan majami'a da rana tsaka, babu kowa, na durƙusa daidai bencin can na uku. Addu'a mai tsari ba ta zo mini ba. Cewa kawai nake, "Yesu, na kashe guda. Kada ka bar ni in kashe ta biyu." Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma da na tashi, na iske kunya ta fi kabari sauƙin ɗauka.

Na tahi labo na faɗa wa Malam Sani duka. Ya zauna, ya dafe kai.

Ya ce, "Inna lillahi! Yaya, tun da na ji rasuwar nake sake bin aikina, ina cewa hannuna ne ya kuskure." Bai zage ni ba. Da ma ya zaga, da na fi jin sauƙi. Ya miƙo wata roba ya ce, "Wanga karo a gabana."

Anka kwantar da Hassana, anka ɗaura mata serom, wato ƙarin ruwa. Wanshekare ya kira ni ya ce, "Zo ki ga sammun da idonki." Wani ɗan faranti ne mai abu ja kamar daskararren kunu. Ɗige-ɗige sun tsiro bisa, waɗansu jajaye, waɗansu farare. Ya ce jajayen kowa na da su a hanji, fararen yake tuhuma. Ya sa na leƙa madubinsu mai girmama ƙananan abubuwa, na ga 'yan sanduna ƙanana. Ya ce ya shafa musu shuni ya wanke, ba su riƙe ba, irinsu ake ce wa gram negatif, amma dangi ne babba, sai an ƙara kwana kafin a san mai laifin.

Kwanan nan ya yi mini tsawo, jama'a. Ina riƙe da ƙafar ɗiyata tana sanyi, ina kiran Yesu.

Ran na uku ya faɗi sunan, shigela. Ya nuna mini wani farantin da anka jera ƙananan takardun magani. Kewayen kotri ƙwaron ya tsiro kamar an zuba masa taki. Kewayen wani kuwa fili fes, bai iya kusanta ba. Wanga maganin ne lokotoro ya ba Hassana. Kwana biyu jinin ya tsaya, ran na huɗu ta ce, "Inna, fura." Haleluya!

Hassana, tashi su gan ki. Ubangiji ya cece ta, ya cece ni daga tsoron da na ɗauko tun gidan kaka, ta hannun mutumin da na yi wa zargin sammu. Na gode masa.

Maman Rahila, yau kika ji. Ki yafe mini in kina iyawa.

'Yan'uwa, ku dogara ga Yesu, kada ku raba zuciya biyu kamar ni. In an miƙo muku 'yar robar nan, ku sa gaskiya ciki. Maganin da ya tada Hassana yana nan cikin kantin likita tun ran da Husaina ke da rai.

Amin.