Zalɓen da Bai Yi Rajista Ba

Mai girma shugaban gari, Malam Kuramochi. Shugabar kwamitin biki, Malama Ebihara. Mai kula da ɗakin bautarmu na kan dutse. 'Yan ƙungiyar masunta, waɗanda suka rage. Baƙinmu da suka ƙetaro teku da na'urorin ɗaukar hoto. Dilolin da ke tsaye a gabana, da kaguwoyi, da dodannin ruwa: barkanmu da wannan rana.

Yau Asabar, sha shida ga Agusta. Na tashi da ƙafa a kumbure, ƙirji yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ba ni minti biyar a tsaye. Zan ci goma, ya kai ƙarata.

Ina gode wa kwamiti da ya zaɓe ni in buɗe Bikin Fuskar Aro na bana. An ce don ni ne na fi kowa sanin al'ada. Gaskiyar ita ce duk waɗanda suka fi ni sani suna kwance a maƙabartar bayan dutse, kuma ba sa amsa takardar gayyata.

Magana uku gare ni.

Ta farko yabo ce. A zamaninmu, a jahilce muke yin bikin nan. Mutum ya sauko daga jirgin ruwa cikin shigar burtu, ba mai tambayar sunansa, ba mai tambayar ɗan gidan wa ne. Ko ka gane tafiyar ƙaninka, sai ka ce masa "Baƙo, sannu da hanya." Doka ɗaya ke nan, ba mu da ta biyu. Bana kuwa an waye. An kafa tebur a tashar jirgi, kowa ya cire fuskar aro, ya nuna ta gado, a rubuta shi, a liƙa masa sunansa a ƙirji. Ga wani dodo can, ina hango shi, an rubuta Malam Hamaguchi na gidan waya. Malam Hamaguchi, ka tsorata mu ƙwarai. An ce don tsaron baƙi aka yi, kuma na yarda, domin ban taɓa ganin ɓuya mai tsari irin wannan ba.

Ta biyu labari ne, ku yi haƙuri da tsoho.

Ina da ɗa guda, Norio. Matasa ba su san shi ba. Shekara ashirin da shida ke nan da ya ce mini ba zai gaji jirgin kamun kifina ba, aski zai je ya koya a birnin Kobe. Ya ce, "Baba, teku ta ci kakana, ta ci kawuna. Ni dai ta yi haƙuri." Ni kuwa, a gaban mutane, a kan wannan dakalin tashar, na ce, "In ka hau jirgin nan, kada in sake ganin fuskarka." Magana zarar bunu ce. Yaron kuma, abin haushi, mai biyayya ne.

Bayan shekara huɗu, ranar biki, sai ga wani dogo cikin shigar zalɓe ya shigo gidana, ya zauna a baranda. Na ce, "Baƙo, sannu da hanya." Ya sunkuyar da baki. Marigayiya Fusae, matata, ta kawo kankana, ta ajiye gishiri kusa da shi tun bai nema ba. Ya ɗaga ƙasan fuskar kaɗan, ya ci, ya tashi, ya bi jirgin yamma. Da ya fita na ce, "Wannan zalɓe ko magana ba ya yi." Ta ce, "Ya yi gadon wani jaki da na sani." Na ce, "Wa kike nufi?" Ta ce, "Ci kankanarka, tsoho."

Haka muka yi shekara ashirin da biyu. Ni ban karya rantsuwata ba, shi bai saɓa umarnina ba, kowa da girmansa. Shekarar da Fusae ta rasu, zalɓen ya daɗe a durƙushe gaban hotonta, kafaɗunsa suna rawa, ni kuwa na tsaya a bayansa ina cewa, "Baƙo, ka yi haƙuri." Ku dubi hikima irin tawa. Kuma duk garin nan an sani. Tsohuwa Tome mai sayar da tikiti ta sani, ba ta taɓa cewa uffan ba, ita da ba ta iya riƙe sirri daga nan zuwa bakin rijiya.

Bana aka aika sabuwar doka ga duk mai zuwa. Wanda zai sauka sai ya buɗe fuska a kan dakalin nan, inda aka ajiye mini kujerar girmamawa tun safe, ina kallon kowa.

Ta uku ita ce wadda na zo dominta. Malama Ebihara, kada ki sunkuyar da kai, ba ke kika kori zalɓen ba. Ke garin gyaran gira kika taɓa ido. Ni ne na shekara ashirin da biyu ina fakewa da al'ada don kada in furta kalma uku. To, ga shugaban gari, ga mai ɗakin bauta, ga lasifika da ake ji har bayan dutse: na janye maganata. Norio, ɗan Fusae, ina son ganin fuskarka. Ko ta tsufa, ko ta yi kama da tawa, zan daure.

Na shirya faɗin wannan yana tsaye a cikinku. Jirgin ƙarfe huɗu shi ne na ƙarshe, ya sauke mutum sittin da ɗaya, na dube su ɗaya bayan ɗaya, kowa da fuskarsa a buɗe. Bai zo ba. Masu ɗaukar hoto, in akwai mai bi ta Kobe, ya kai masa maganar nan, sai dai ban san sunan shagon askinsa ba. Ban taɓa tambaya ba.

Kakanninmu su tsare wannan taro. Teku ta mayar da kowa gidansa lafiya. Mai ɗa a nesa, a ba shi bakin kiransa tun da sauran numfashi. A buga ganguna, jama'a, dodanni sun gaji da tsayuwa.

Na gode.