Saniyar Marigayiya

A tashar Maigatari, ranar kasuwa bayan la'asar, wani dattijo ya leƙa wayar wani malamin makaranta da ke zaune kusa da shi a kan benci.

"Malam, wane hoto ne wannan? Mutum biyu da sarƙa a wuya."

"Katin duban Turawa ne, Baba. Ba duba nake ba, bayaninsa nake karantawa. Kalli sarƙar, ba ta matse su ba. Da sun so, da sun zare ta."

"To me ya hana su?"

"Son abin da suka riƙe. Masanan Girka na da sun ce duk abin da kake ƙauna aro ne. Ranar da aka karɓa, ka ce ka mayar."

"Ai mu ma haka addini ya koya mana. A baki babu wuya." Dattijon ya nisa. "Saniyar matata marigayiya na kawo, karo na uku ke nan. Ta tsufa, ta daina nono. Amma da an taya sai in ce albarka."

"Yau fa, Baba?"

"Yau na sallama."

"To ai ka huta."

"Na huta? Shekara biyu ita nake ba labarin gida kowace safiya. Gobe wa zan gaya wa?"