Wayar da Baba Mai Shara Yake Cirewa

Mai girma shugaban taro, shugabar makarantarmu, 'yan uwana malamai, iyayen da suka baro sana'o'insu suka zo, da ɗalibaina da ke can baya suna gyara hula da mayafi, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama a ranar yaye ajinmu na kwamfuta, ajin da wata uku da suka wuce ya kusa rufewa.

Ga yadda aka yi. An kawo mana sababbin katunan sadarwa, wato ɗan allon da ake sa wa kwamfuta domin ta hau intanet. Muka sa su, kwamfutoci goma sha biyu suka yi kamar ba su gan su ba. Shugaba ta ba mu mako biyu: ko su yi aiki, ko a kwashe su sito a mayar da ɗakin wurin ajiye kujeru.

Darasi na farko: a duba da ido. Tsakanin kati da babbar manhajar kwamfuta akwai wata ƙaramar manhaja mai yi musu tafinta, ana ce mata direba, kuma tana riƙe da jerin lambobin katunan da ta sani. Kwalin da aka kawo katunan a ciki ya ce katin irin na da ne, ni ma na yarda da kwali. Amma akwai ɗalibar da abokanta ke kira Don-me, saboda ba ta barin magana ta wuce sai ta tambayi dalili. Ta aro madubin ƙara girma na mahaifinta mai gyaran agogo, ta leƙa jikin katin, ta ga lambar ta sha bamban. Muka ƙara ta a jerin, fitilar katin ta kama. Har rawa wasu suka taka, ba zan nuna su gaban iyayensu ba.

Darasi na biyu: kama fitila ba gama aiki ba ne. Kullum mu tashi daga aji komai lafiya, kullum mu dawo da safe sadarwa ta mutu. Kwana biyar muna zargin zafi, muna zargin wuta, muna zargin juna. Saura kwana uku, Don-me ta ce ita dai tana son ganin abin da ke faruwa a ɗakin kafin mu iso. Ta yi sammako, ta tarar da Baba mai shara yana zare wayoyin da ke shiga katunan ɗaya bayan ɗaya, ya share ƙarƙashin tebur, ya mayar da kowace mazauninta.

Ta ce, "Baba, kullum haka kake yi?"

Ya ce, "'Yata, shekara tara ke nan. Tsofaffin ba su taɓa yin fushi ba, waɗannan naku ne masu zuciya."

Ashe sabon katin, idan aka mayar masa da waya, a wani gurbi dabam a cikinsa yake sanar da cewa wayar ta dawo, direba kuwa tana can tana sauraron tsohon gurbi. Na ce a roƙi Baba ya daina taɓa wayoyin. Don-me ta ce, "Malam, don me? Ai shara ba laifi ba ce, direbar ce ba ta iya ba." Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Layi bakwai ɗaliban suka rubuta a cikin direbar, suka gyara ta.

Darasi na uku: a faɗi wanda ya taimaka. Da muka aika gyaran ga masu kula da direbar, akwai layin da ake rubuta sunan wanda ya gwada. Ɗaliban suka haɗa baki suka rubuta sunan Baba, domin sau arba'in ya zare waya ya mayar a gabanmu, kowane karo sadarwa ta dawo.

Allah ya yi wa ɗalibanmu albarka, ya saka wa iyaye da malamai, ya mayar da kowa gida lafiya. Baba, ga ka can bakin ƙofa da tsintsiya, shigo ka zauna a gaba. Gobe ka ci gaba da shararka yadda ka saba, ɗakin yana nan.

Na gode.