Takardar da Aka Ɗinke a Laya

Ku matso kusa, muryata ba ta kai da ba. Kuɗin da na tafi Jidda da su na saniyar innata ne. Ta sayar ba ta gaya wa kowa ba, ta ƙulle mini a tsumma.

Ranar da na sauka, wani askari, wato ɗan sanda, ya tare ni: "Fen iƙama?" Ni kuwa iƙamar salla kaɗai na sani. Na gyara tsayuwa, na fara, "Allahu akbar..." Yana cikin dariya wani tsoho mai kilishi ya ja hannuna. "Ɗan nan, takardar zama yake nufi. Yalla, biyo ni."

Shi ne Baba Idi. Da ƙafa ya zo daga Haɗeja, shekara bakwai a hanya, tun Jidda na cikin ganuwa. A Sudan ya auri Hajja Kaltume, a Jidda suka haifi ɗansu tilo, Usman. Na zama mai yanka masa nama, kullum da faɗa: "Wannan kilishi ne ko takalmi?"

Lokacin yaƙin Yaman, wasu mayaƙan sa-kai kan shigo gari neman guzuri. Shekara uku Baba yana busar musu da nama, Hajja kuma ta yi jinyar biyu daga cikinsu a ɗakin baya. Shugabansu ya rubuta masa takarda da hatimi, ya ce duk ranar da aka taɓa iyalinsa ya nuna ta, domin Usman ba shi da takardar zama.

To, kun san mu da rubutu mai daraja. Baba ya kai wa baduku aka ɗinke ta kamar laya, ya ɗaura wa Usman a damtse.

Hajja ta ce, "Alhaji, a sa ta a akwati mana."

Ya ce, "Akwati ake kamawa ko mutum?"

Shekara shida Usman yana dako a tashar jirgin ruwa da ita a jikinsa. Ranar kamen marasa takarda aka haɗa da ni da shi. Baba ya iso yana haki, rawani a hannu. "Ku farke layar!"

Aka farke. Gumin Jidda ya cinye tawadar tas, sai wani tabo shuɗi inda hatimi yake. Askarin ba mugu ba ne. Ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta wajen haske, ya ce, "Ya Hajj, babu komai a nan. Halas, shi ke nan." Wanda ya rubuta kuwa ya daɗe a kabari. Baba ya zauna a ƙasa. Shi tsufa ya sa aka ƙyale shi.

Aka koro mu, ni da Usman, jirgi ɗaya muka taho. Ko ɗan maraƙi ban kawo wa innata ba. Da muka sauka Kano, Usman ya dubi gabas da yamma, ya kama rigata. "Ya akhi, ɗan'uwana, ta ina teku yake?"

Bai ƙara ganin iyayensa ba. Ke Kaltume, daina wasa da fatar layar nan da kika ciro a jakata. Ta kakanki Usman ce, kuma sunan uwarsa kika ci.